Aƙiƙ, Fairuz ko Lazawardi: Wanne Ya Kamata Mai Tara Gogaggun Duwatsu Ya Fara Saya?

Duk wanda ya taɓa zama a wurin da ake kwance tsarabar alhaji ya san ba a cika rasa zoben azurfa mai jan dutsen nan da ake kira aƙiƙ ba, ko carbi mai nauyi da sanyi a tafin hannu, kuma da yawa daga cikin masu tara gogaggun duwatsu a yau daga nan sha'awar ta kama su. Mutum yakan fara da zobe guda, sai ya ji labarin fairuz na Iran, sai ya ga hoton lazawardi na Afganistan a waya, kafin ya ankara ya shiga neman kabad mai gilashi da zai jera su a falo. Da yake kuɗi ba sa isa a sayi komai a lokaci guda, kuma kasuwar nan cike take da rinannu da na roba, ya kamata mutum ya san wanne zai fara sa wa kuɗinsa. A ganina ba kyawun launi ne zai raba wannan gardama ba, ba kuma falalar da mai sayarwa yake jerowa ba. Abin da zai raba ta shi ne inda dutsen zai zauna, wato ko a hannu zai rayu tare da alwala da turare da zufa, ko kuwa a bayan gilashi zai zauna ana kallonsa.

Kafin a shiga kwatanta su, akwai ma'auni guda da ya wajaba mai saye ya riƙe. A 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu, ta yadda kowane dutse yake iya kartar wanda ke ƙasa da shi amma ba ya iya kartar na samansa. Daimon ne a kan 10, farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga da bakin wuƙa suna wajen 5.5, shi kuwa farin dutsen ƙanƙara da masana ke kira kwaz yana kan 7. Muhimmancin wannan lamba ta 7 a wurinmu shi ne yawancin yashi ɓarɓashin kwaz ne, kuma ƙurar da hunturu ke sauke mana a kan tebur da taga tana ɗauke da shi. Duk dutsen da taurinsa bai kai 7 ba, idan aka riƙa share masa ƙura da busasshen tsumma, to ana kartarsa ne kaɗan-kaɗan, har wata rana a ga sheƙin da aka saye shi dominsa ya dusashe.

Aƙiƙ shi kansa ɗan gidan kwaz ne, sai dai ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai da ido ba ya gani, suna sarƙe da juna, shi ya sa taurinsa yake tsakanin 6.5 da 7 kuma ba ya saurin tsagewa. Yana samuwa ne a cikin ramukan da iska ta bari a jikin duwatsun da aman wuta ya fitar, inda ruwa mai ɗauke da narkakken sinadarin yashi yake shiga yana ajiye shi hawa-hawa, wannan ne asalin layukan da ake gani a jikinsa kamar zanen ɗan yatsa. Jan launin da aka fi so kuwa daga tsatsar ƙarfe yake zuwa. Ruwa ba ya cutar da shi, sabulu ba ya cutar da shi, turaren mai ba ya canja masa kama, kuma ƙwayar carbi da aka yi da shi tana iya shekaru masu yawa a hannu ba ta rasa sheƙinta ba. Fairuz da lazawardi babu wanda ya kama ƙafarsa a wannan fuska.

Inda aƙiƙ yake da wahala shi ne wajen sanin asalinsa. Wanda ya fi suna shi ne na Yaman, wanda ake haƙowa a duwatsun yankin Anis a lardin Zamar, masu sana'a su goge shi a tsohon birnin San'a, kuma sunan nan na Yamani shi ne yake ɗaga farashi. Sai dai ba duk abin da ake kira Yamani a kasuwa ne ya fito daga Yaman ba, domin manyan hanyoyin da aƙiƙ yake bi zuwa kasuwannin duniya biyu ne dabam. Ɗaya ita ce Khambhat a jihar Gujarat ta Indiya, garin da ya daɗe ƙwarai yana wannan sana'a, inda ake shanya duwatsun a rana sannan a gasa su cikin tukwanen ƙasa har launinsu ya rikiɗa daga ruwan ƙasa zuwa ja. Ɗayar kuwa ita ce Barazil. A ƙarni na 19, lokacin da aƙiƙin garin Idar-Oberstein na Jamus ya fara ƙarewa, mutanen yankin da suka yi ƙaura zuwa jihar Rio Grande do Sul suka tarar da shi jibge a can, suka shiga aika shi gida. Yawancin na Barazil ruwan toka ne, saboda haka Jamusawa suka ƙware wajen rina shi: a jiƙa shi cikin ruwan sukari ko zuma sannan a sa shi cikin asid ya zama baƙi, ko a ba shi gishirin ƙarfe a gasa ya zama ja. Daga garin Idar-Oberstein ɗin aka riƙa ƙero tsakiyoyi da abin wuyan nan mai siffar zobe da kan mashi da Buzaye ke kira talhakimt, ana kawo su Afirka jibgi-jibgi. Saboda haka tsohon dutsen da mutum ya gada daga kakarsa yana iya kasancewa an haƙo shi a Barazil, an rina shi a Jamus, ya ratso hamada ya iso gidansu, kuma wannan tarihi a wurina ba ya rage masa daraja, yana ma ƙara masa.

Mu ma muna da namu hannu a wannan sana'a, ko da yake ba a cika tunawa ba. Jan dutsen da ake kira lantana, wanda ɗan uwan aƙiƙ ne, fatake Hausawa ne suke ɗauko shi daga yankin kogin Kwara da ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yau su kai tsohuwar Oyo, daga baya Ilori, inda masu sana'a suke huda shi su goge shi ya zama duwatsun wuya na sarakuna da attajirai. Wanda ya yi sa'ar samun tsohuwar tsakiyar lantana ya samu abin ajiya da ya fi sababbin duwatsun waje da yawa ma'ana.

Gane aƙiƙ na gaskiya bai da wuya sosai. Yana da sanyi idan aka ɗora shi a kunci kuma ba ya saurin ɗaukar ɗumin jiki kamar roba, bakin wuƙa ba ya kartarsa, idan kuma aka haska shi da fitilar waya haske yana ratsa shi a ga gajimare ko layuka a ciki. Idan aka ga ƙananan kumfa masu siffar ƙwallo, gilashi ne. Idan launin ya taru ya yi duhu a cikin tsaga da bakin huda, rini ne. Duk aƙiƙin da aka gani shuɗi shar ko ruwan hoda mai ɗaukar ido ko kore fatau, to a ɗauka rinanne ne, kuma wasu irin waɗannan rini suna koɗewa a rana. Gashi da wuta ba aibi ba ne, domin tsohuwar al'ada ce kuma launin ba ya fita. Rini ma ba laifi ba ne idan an faɗa, laifin yana wurin wanda ya ɓoye ya karɓi kuɗin na asali.

Fairuz ya fi aƙiƙ ɗaukar ido, kuma ba na musun cewa shuɗinsa mai kama da sararin sama bayan ruwan sama babu dutsen da ya kai shi daɗin kallo. Mafi shahararsa yana fitowa ne daga ma'adinan kusa da Nishabur a yankin Khurasan na Iran, waɗanda aka fi shekara 1,000 ana haƙa, ko da yake Misrawan zamanin Fir'auna sun riga su da haƙar na Sina'i, a yau kuma Sin da kudu maso yammacin Amurka suna fitar da shi da yawa. Tagulla ce take ba shi shuɗi, idan ƙarfe ya yi yawa a ciki sai ya karkata zuwa kore. Matsalarsa biyu ce, kuma dukansu sun shafi yadda muke rayuwa. Ta farko taurinsa tsakanin 5 da 6 ne kawai, wato ƙura tana kartarsa. Ta biyu, wadda ta fi tsanani, jikinsa yana da ƙananan ƙofofi da suke tsotse duk abin da ya taɓa shi. Mutumin da yake alwala sau biyar a yini, yake murza turaren mai a tafin hannu ranar Juma'a, yake shafa mai da hunturu, yake zufa da bazara, zai ga fairuz ɗinsa yana juyawa daga shuɗi zuwa kore mai duhu, kuma babu wankin da zai dawo da shi. A ƙasashe da dama an daɗe ana cewa fairuz yana canja launi ne idan mai shi ya kamu da ciwo ko masifa ta tunkaro shi, alhali abin da ke faruwa maiƙo ne da sabulu suka shige shi.

Saboda wannan rauni ne yawancin fairuz ɗin da ke kasuwa ake ɗura masa ruwan roba mai ƙarfi domin ya toshe ƙofofin ya kuma ƙara masa launi. Wannan fairuz ne na gaskiya, kuma ga mai son sawa a hannu ya fi wanda ba a taɓa ba juriya, sai dai darajarsa ba ta kai tasa ba. Ƙasa da shi akwai wanda aka niƙa ɓarɓashi aka kwaɓa da roba aka matse, sannan akwai wanda ba fairuz ba ne sam, wato fararen duwatsu biyu masu araha, haulait da magnesait, da ake rinawa shuɗi saboda suna da jijiyoyi masu kama da nasa. Irin waɗannan idan aka leƙa cikin huda sau da yawa sai a ga fari, ko a goga auduga mai ruwan goge jan farce ta ɗauko shuɗi. Amma bambance fairuz tsantsa da wanda aka ɗura wa roba da gwaninta aiki ne na ɗakin gwaji, ido kawai ba ya yi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da fairuz mai tsada, domin a nan ne tazarar da ke tsakanin abin da mai sayarwa ya sani da abin da mai saye ya sani ta fi faɗi.

Lazawardi kuwa ba ma'adini guda ba ne, haɗin duwatsu ne: akwai shuɗin da ake kira lazurait, akwai farin kalsait da ke ratsa shi kamar jijiya, akwai kuma ɗigo-ɗigon fairait masu ƙyallin zinariya, waɗanda suka sa ake kamanta shi da dare mai taurari. Mafi kyawunsa daga Sar-i-Sang yake fitowa, a kwarin kogin Kokca na lardin Badakhshan a Afganistan, wurin da aka fi shekara 6,000 ana haƙa. Daga can ya je har Misra ya shiga cikin abin rufe fuskar zinariya na Fir'auna Tutankhamun, daga can kuma masu zanen Turai suka riƙa samun shuɗin fenti mafi tsada a zamaninsu. Ana samunsa a Cili da kusa da tafkin Baikal na Rasha, sai dai na Cili yakan fi yawan fari. Mai daraja shi ne wanda shuɗinsa ya yi zurfi kuma ya daidaita, farinsa kaɗan, ɗigon zinariyarsa ƙanana a warwatse.

A hannu lazawardi bai fi fairuz da yawa ba, domin taurinsa wajen 5 zuwa 5.5 ne, kuma duk abu mai tsami, ko ruwan lemon tsami ne, yana cin farin da ke jikinsa. Carbin lazawardi da ake ja kullum ƙwayoyinsa suna gugar juna har su yi hazo. Amma a cikin kabad ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba, saboda dalilin da ba a cika lura da shi ba: ana samunsa manya-manya. Fairuz mai kyau siraran jijiyoyi ne da ƙananan dunƙule, aƙiƙin Yaman ma yawanci girman idon zobe ne, shi kuwa lazawardi ana iya samun gogaggen dunƙule da zai cika tafin hannu, ana hango shi tun daga bakin ƙofa, kuma launinsa na asali ba ya koɗewa da haske. Jabunsa ma ya fi na fairuz sauƙin kamawa, domin galibi ko dai maras kyau ne aka rina don a ɓoye farin, wanda auduga mai ruwan goge jan farce takan tona, ko kuma wani dutse ne dabam da ba shi da ɗigon fairait na gaskiya.

Akwai wasu biyu da mai saye zai ci karo da su. Malakait, koren nan mai zobba-zobba da ke fitowa daga ma'adinan tagulla na Katanga a Kwango, taurinsa 3.5 zuwa 4 ne, saboda haka wurinsa bayan gilashi ne kawai. Amatis mai ruwan makuba, wanda Barazil da Yurugwai suka fi fitarwa kuma ana samunsa a Nijeriya, yana da taurin 7 amma yana koɗewa idan aka bar shi a taga yana shan rana.

Yanzu sai batun da ya fi kai mutane ga waɗannan duwatsu, wato neman albarka. Abin da ya inganta shi ne hadisin Anas ɗan Malik da Muslim ya ruwaito, cewa zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne kuma idonsa na Habasha ne. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, ya kawo bayanin malamai cewa ana nufin dutse ne irin jaza'u, wato wani dutse mai layuka, ko aƙiƙ. Bukhari kuma ya ruwaito daga Anas cewa idon zoben daga azurfar yake, malamai suka haɗa ruwayoyin biyu da cewa zobba ne fiye da ɗaya. Haka nan sarƙar Nana A'isha da ta ɓace a tafiyar nan da ta jawo ƙazafi, ta jaza'un Zafar ce, dutse mai layuka daga Yaman, ɗan gida ɗaya da aƙiƙ. Saboda haka wanda ya sa zoben azurfa mai idon aƙiƙ yana da abin da zai jingina da shi na ado da koyi. A mazhabar Malikiyya sharaɗin zoben namiji shi ne ya zama na azurfa, guda ɗaya, kada nauyinsa ya wuce dirhami 2.

Abin da bai inganta ba a wurin malaman hadisi na Sunna shi ne ruwayoyin da ke cewa aƙiƙ yana kore talauci ko yana kawo sa'a. Uƙaili ya ce babu abin da ya tabbata daga Annabi a wannan babi, Ibnul Jauzi kuma ya sa irin waɗannan ruwayoyi cikin ƙagaggu. A littattafan Shi'a akwai ruwayoyi da yawa daga imamai kan falalar aƙiƙ da fairuz, shi ya sa kasuwar zobba take da ƙarfi a Mashhad ta Iran da Najaf ta Iraƙi, kuma adalci ne a faɗi hakan domin mai karatu ya san daga ina kowace magana ta fito. Ni dai inda na tsaya shi ne maganar Sayyidina Umar a gaban Hajarul Aswad, da ya ce ya san shi dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma ba don ya ga Annabi yana sumbatarsa ba da bai sumbace shi ba. Idan wannan ne matsayin dutsen da ke kusurwar Ka'aba, ban ga yadda za a jingina arziki ko kariya ga dutsen da aka saya a shago ba.

Daga Turai da Amurka ma wata irin da'awa ta shigo ta intanet, cewa kowane dutse yana da wani ƙarfi na ɓoye da ke warkar da damuwa ko rashin barci. A 2001 masanin halayyar ɗan'adam Christopher French na kwalejin Goldsmiths a Landan ya gwada wannan da mutum 80, ya ba wasu kwaz na gaskiya wasu kuma na gilashi ba tare da sun sani ba, sai aka tarar masu na gilashin suna ba da labarin jin ɗumi da tsikar jiki daidai da masu na gaskiyar. Ban raina natsuwar da mutum yake samu idan yana jan carbi mai sanyi da nauyi bayan sallar asuba ba, domin abu mai kyau a hannu yana taimaka wa zuciya ta tattaru, sai dai natsuwar daga zikirin take. Abin da nake jin tsoro ƙwarai shi ne masu jiƙa duwatsu a ruwa su sha da sunan magani. Malakait yana ɗauke da tagulla, garinsa guba ne, rinannun duwatsu kuma babu wanda ya san abin da aka rina su da shi. Kada kuma a niƙa ko a goge dutse a cikin gida, domin ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda niƙa duwatsun zinariya masu dalma a tsakar gidaje ya yi sanadin rasuwar yara kimanin 400.

Mai saye da ke da tausayi zai so ya san hannayen da dutsen ya bi. A Khambhat masu goge aƙiƙ a busasshen injin suna shaƙar garin dutsen har ya cika musu huhu da ciwon da ba ya warkewa, kuma da yawa sun rasu a kan haka. A Badakhshan kuwa ƙungiyar Global Witness ta fitar da rahoto a 2016 da ya nuna yadda ƙungiyoyi masu makamai suke cin kuɗin lazawardi a lokacin. Babu ɗaya daga cikin duwatsun da ya fita tsab, amma tsohon dutse da ya riga ya daɗe a hannun mutane, irin wanda ake samu wurin masu tsofaffin tsakiyoyi a kasuwar Kurmi ta Kano, sayensa ba ya ƙara wa kowa wahala a yau.

Idan aka tattara, wanda yake son dutsen da zai sa a yatsa ko ya ja a carbi, ya sayi aƙiƙ, kuma kada ya biya ƙarin kuɗi saboda kalmar Yamani sai idan mai sayarwar mutum ne da ya sani, wanda zai yarda a dawo masa da kaya. Wanda burinsa jere ne a falo, ya fara da dunƙulen lazawardi guda mai kyau maimakon ƙanana biyar masu fari, ya kewaye shi da yankakken aƙiƙ mai launinsa na halitta. Fairuz ya zo na uku, bayan ido ya buɗe, kuma idan an matsu sai an sa shi a hannu a ɗauki wanda aka ɗura wa roba, a riƙa cire shi kafin alwala da shafa turare. Kabad ɗin ya zama mai rufuwa, nesa da taga, kowane dutse a wurinsa ba ya gugar ɗan uwansa, a hure ƙura kafin a share da lallausan ƙyalle mai ɗan danshi. A ƙarƙashin kowane dutse a ajiye 'yar takarda mai sunansa, da inda aka ce ya fito, da shekarar da aka saye shi, da abin da mai sayarwa ya amsa lokacin da aka tambaye shi ko an rina shi.